Hazo ya cinye min hoton tsauni, Dehaze kuma ya ƙona shi, ina mafita?

Nazifi: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin editin ku taimaka min. Na ɗauki hoton wasu tsaunuka daga nesa da hantsi, da idona ina ganin layin duwatsun ɗaya bayan ɗaya har bishiyoyin da ke kansu, amma da na zuba hoton a laftof sai na ga komai ya dushe ya yi fari-fari, babu baƙi na gaskiya babu fari na gaskiya. Na shiga Lightroom, manhajar gyaran hoto, na ja Dehaze, silaidar cire hazo, har 80, duwatsun sun fito kam, amma sama ta koma wani shuɗi mai duhu mara daɗin gani, ciyawar gaba kalarta ta yi kauri fiye da kima, ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe sun fito a sama, ga wani farin zare ya bi gefen dutsen tun daga farko har ƙarshe. In na mayar da shi 0 hoto ya mutu, in na ja ya ƙone. RAW na ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, ƙofar lens a tsuke a f/16, kyamara mai cire lens ce.

Oga Bash: Wa alaikumus salam. Ƙanina 80 ai ta yi yawa, ni ko a hoton da hazo ya rufe ruf da wuya in wuce 30 a kan hoto gaba ɗaya. Kuma ba da Dehaze ake farawa ba. Ka mayar da komai 0 ka kalli histogiram ɗinka, jadawalin nan da ke nuna duhun hoto a hagu haskensa a dama, zaka ga duk ya taru a tsakiya ko ya ɗan karkata dama, gefen hagu fayau ba komai, wannan filin da ke hagu shine baƙin da hazo ya ɗauke maka. Ka danne Alt a kibod ka riƙa jan Blacks zuwa hagu, sikirin zai yi fari, da zarar ka ga ɗigon kala ko baƙi ya fara ɓullowa ka tsaya nan. Haka zaka yi da Whites zuwa dama. Wannan kaɗai wlh yana gyara rabin matsalar kuma baya ɓata kala sosai. Bayan nan ne zaka ɗan taɓa Dehaze kaɗan kaɗan.

Mubarak: Ni fa gsky wannan Dehaze ɗin ban yarda da shi ba, kwantiras ne da kaurin kala aka haɗa a silaida ɗaya aka bashi sabon suna don a ce an kawo sabon abu. Kafin 2015 da Adobe suka saka shi mutane basa gyara hoton hazo ne? Curves ya isheka, layin nan da ake lanƙwasawa a gyara haske da duhu, ka lanƙwasa shi kamar harafin S shikenan.

Malam Habu: Mubarak rabin maganarka gaskiya ce, Curves na aiki, amma cewa Dehaze kwantiras ne kawai ba haka bane, bari in ɗan yi bayani ko da zai yi tsawo, don in aka gane abin da hazo yake yi wa hoto to duk sauran maganar za ta zo da sauƙi.

Abu biyu ne ke faruwa tsakanin dutsen da kyamararka. Na farko, hasken da ya taso daga dutsen ba duka ke isowa ba, ƙura da tururi da hayaƙin da ke cikin iska suna warwatsa wani kaso a hanya. Na biyu, kuma shi mutane ke mantawa, su waɗannan ƙananan abubuwan hasken rana na dukansu, sai su turo nasu hasken cikin lens ɗinka. Ma'ana hazo ba rage haske kawai yake ba, ƙara haske yake a kan komai, har kan abin da ya kamata ya zama baƙi. Kamar kana kallo ta cikin farin labule mai shara-shara da rana ke haskawa, labulen kansa haske yake fitarwa.

Mu ɗauki lissafi mai sauƙi a ma'aunin 0 zuwa 255. A ce inuwar dutse 20 ce, wurin da rana ta haska 200, hasken hazo kuma 220. In rabin hasken dutsen ne ya iso, inuwa za ta koma 120, wuri mai haske 210. Tazarar da take 180 ta dawo 90. To dutsen can baya da kashi ɗaya cikin goma kawai ke isowa fa? Inuwa 200, haske 218, tazara 18 kacal. Ciyawar da ke gabanka kuwa kusan ba abin da ya same ta. Kun ga matsalar, hazon ba ɗaya bane a cikin hoton, gwargwadon nisa gwargwadon kaurinsa. Silaidar Contrast ba ta san nisa ba, abin da ta yi wa ciyawa shi za ta yi wa dutsen ƙarshe, kafin dutsen ya farfaɗo ciyawa ta ƙone. Shi kuwa mai cire hazo ƙoƙari yake ya kintaci yawan hazon a kowane yanki na hoton ya cire daidai gwargwado.

Mubarak: To Malam ta yaya zai san nisa, hoto ai shafi ɗaya ne ba zurfi a ciki

Malam Habu: Tambaya mai kyau, kintace yake, ba sani ba. Akwai wani bincike da ya shahara a 2009 na Kaiming He da Jian Sun da Xiaoou Tang. Abin da suka lura da shi shine a hoton waje da ba hazo, in ka yanki ɗan ƙaramin fili ko ina ne banda sama, kusan kullum zaka samu wani ɗigo da ɗaya daga cikin kaloli ukun nan, ja ko kore ko shuɗi, ya yi ƙasa sosai kusa da 0, saboda inuwa ko abu mai duhu ko abu mai kala sosai. To in manhaja ta duba fili ta ga ba ko ɗigo ɗaya mai duhu a duk kaloli ukun, sai ta ce hazo ne ya ɗaga su, gwargwadon ɗagawar gwargwadon hazon. Kayan cire hazo na manhajar darktable a kan wannan dabarar aka gina shi. Raunin dabarar kuma a fili yake, sama ba ta da ɗigo mai duhu, farin bango ma haka, farar riga ma haka, sai a ɗauke su a matsayin hazo mai kauri a danne su da ƙarfi. Nazifi in ka lura wurin da ya fi lalacewa a hotonka sama ce, ba banza ba.

Mubarak: Na ji wannan, amma duk da haka ni ina kan bakata cewa da Curves da maskin, wato ware wani yanki na hoto a gyara shi shi kaɗai, zan yi abin da ya fi shi tsafta. Abin da na ƙi shine mutum ya ja abu ɗaya bai san me ya faru ba.

Oga Bash: Ai kai da Malam abu ɗaya kuke faɗa baku sani ba, tunda ka ce maskin ai ka yarda hazon ba ɗaya bane ko ina. Bambancin kawai kai da hannu kake nuna inda nisa yake. Ni duka biyun nake haɗawa, Dehaze ɗin ma mafi yawansa a cikin maskin nake saka shi ba kan hoto duka ba.

Nazifi: Malam Habu Allah ya ƙara ilimi, wlh yanzu na gane. Oga Bash na yi na Blacks da Whites ɗin, hoton ya ɗan tashi tun ban taɓa Dehaze ba. Amma ɗige-ɗigen nan fa, da na zuma, wato na kusanto da hoton, sai na ga zagaye suke, gefensu ba kaifi, sun kai goma a sama.

Oga Bash: Ƙurar sensa ce wannan, wato farantin cikin kyamara da ke karɓar haske, ba Dehaze ya ƙirƙire su ba, dama suna nan ya dai tona musu asiri. Kuma f/16 da ka saka ita ke ƙara fito da su, in ƙofar lens ta tsuke inuwar ƙurar kan sensa tana ƙara kaifi. Ka gwada, ka saka f/16 ko f/22 ka ɗauki farar takarda ba tare da fokas ba, in ɗigon suna wuri ɗaya a kowane hoto to sensa ce. A Lightroom kayan Heal zai cire su, akwai Visualize Spots a wurin da zai nuna maka har waɗanda idonka bai gani ba. Sannan ka samu abin hura iskan nan na roba ka hura sensar kyamara na kallon ƙasa, kar ka hura da baki kar ka sa tsumma. Kuma hoton abu mai nisa irin wannan f/8 ya isheka, f/16 ma rage maka kaifi take yi.

Farin zaren gefen dutse kuma alama ce ta an matsa wa hoto, duk abin da ke ƙara kwantiras a gefen abu, Dehaze ne ko Clarity ko Sharpening, yana duhunta gefe ɗaya ya haskaka ɗaya gefen, in ya yi yawa sai ya zama zare. In ka rage zai tafi.

Ummi Zee: Sannunku da ƙoƙari, ni da waya nake ɗauka bani da kyamara, kuma kusan duk hotunana haka suke fitowa da hazo-hazo musamman in akwai fitila ko taga a bayan mutum, har a cikin ɗaki fa. shima Dehaze ɗin ne maganinsa?

Anti Rabi: Ummi ƙanwata kafin komai juya wayar ki kalli gilashin kyamarar a haske. In har a cikin ɗaki kina ganin hazo to ba hazon iska bane, maiƙon yatsa ne a kan lens, yini ake ana riƙe waya ana sa ta a aljihu da jaka. Maiƙon nan warwatsa haske yake, shi yasa fitila ke yin wutsiya-wutsiya. Ki goge da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka, in kuma akwai gilashin kariya da kika manna a kan kyamarar ki duba ko ya goge ko ƙura ta shiga ƙarƙashinsa. Ki gwada yanzu ki dawo ki faɗa mana.

Ummi Zee: Anti wlh haka ne, na goge na ɗauki taga ɗaya sau biyu bambancin a fili yake. na gode sosai. to na waje fa mai hazon gaske?

Anti Rabi: Lightroom na waya yana da Dehaze a ƙarƙashin Effects. In Snapseed kike amfani da shi ki shiga Curves ki jawo ɗigon ƙasa na hagu zuwa dama kaɗan har baƙi ya zauna, sannan ki yi amfani da Selective ki ɗora a wurin da ke nesa kawai ki ƙara masa kwantiras da Structure. Amma ki sani hoton waya ta riga ta yi masa nata editin ɗin kafin ki gani, ta ƙara kaifi ta goge noyis, wato tsaki-tsakin hoto, ta matse shi, don haka baya ɗaukar ja da yawa, da wuri yake farfashewa. In wayarki na da RAW a Pro ki kunna shi don irin wannan hoton. Kuma ki rage zuma da yatsa, wannan yanke hoto ne kawai ana buɗa shi.

Malam Habu: Maganar Anti Rabi ta farfashewa tana da alaƙa da lissafin ɗazu. JPEG matakai 256 yake da su a kowace kala. Dutsen can mai tazara 18, in ka buɗe ta ta koma 180 ka ninka sau goma, matakai 18 ne dai aka baje su, tsakaninsu ba komai, shi yasa zaka ga sama ta yi layi-layi maimakon ta sauka sumul. RAW mai bit 12 matakai 4096 ne, mai bit 14 kuma 16384, akwai abin bajewa. Amma ko RAW ne noyis ɗin ma ninkuwa yake tare da hoton, ka ninka tazara sau goma ka ninka tsakin sau goma. Shi yasa wurin da aka fi cire wa hazo shi ya fi yin yashi-yashi, kuma shi yasa rage ISO, saitin da ke ƙara wa hoto haske tare da noyis, ke da amfani a ranar hazo. Abin da bai iso sensa ba kuwa ba manhajar da za ta dawo da shi.

Baba Ɗanlami: Salamu alaikum yara. Na karanta duka tun daga sama, kowa ya yi ƙoƙari, amma ba wanda ya tambayi yaron nan tambayar da ta fi muhimmanci, shin dole ne sai an cire hazon duka? Nazifi kai da bakinka ka ce kana ganin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa ka gan su ɗaya bayan ɗaya? Hazon ne. Na gaba ya fi duhu, na bayansa ya ɗan yi haske, na can ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama, da haka ido ke gane wannan na kusa wancan na nesa. Masu zane sun san wannan tun ɗaruruwan shekaru, Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kai, da gangan suke dusar da dutsen nesa su sa masa shuɗi-shuɗi. Kai kuma Allah ya baka shi kyauta kana neman gogewa. In ka mayar da dutsen ƙarshe baƙi ƙirin daidai da na gaba ka kashe zurfin hoton, komai ya manne wuri ɗaya. Abin na damuna ƙwarai in na ga hotunan yanzu, kowane tsauni baƙi, kowace sama shuɗi mai duhu, ba iska a cikin hoton ko kaɗan.

Nazifi: Baba na gode, gsky ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma Baba hoton yadda ya fito daga kyamara bai kai abin da idona ya gani ba fa

Baba Ɗanlami: Ban ce kar ka gyara ba ɗana. Ido da ƙwaƙwalwa suna gyara abin da suke gani, kuma RAW dama a kwance yake fitowa sai an tashe shi. Ka gyara har ya kai abin da ka gani, in ya kai ka cire hannunka. Ka tabbata na gaba yana da baƙi na gaskiya, na tsakiya ya fito, na ƙarshe ka bar masa hazonsa.

Sannan aikin na farawa ne tun kafin a danna. Rana in tana gabanka hazo ya fi haske ya fi kauri, in tana bayanka ko gefenka ya fi sauƙi. Bayan an yi ruwan sama iska ta wanku, je ka ɗauki dutsen nan ka ga. Ka riƙa sa hular lens, in babu ka kare da hannu, don hasken da ke shiga ta gefe yana yawo cikin gilasan lens ya dusar da hoto, shi ma wani hazon ne na cikin gida. Kuma ka nemi filtar folaraiza, ka juya ta a hankali kana kallo, ta fi aiki in rana na gefenka daidai kafaɗa, tana yanke wani kaso na hasken da iska ta warwatsa da ƙyallin ganye da na ruwa. Tana cin haske kamar sitof ɗaya zuwa biyu, kowane sitof rage rabin haske ne, kuma a lens mai faɗi sosai takan sa wani ɓangaren sama ya fi wani duhu, sai a kula. Lokacin fim na baƙi da fari jar filta ko ruwan ɗorawa muke sawa ta tare shuɗin, dutsen nesa ya fito.

Ummi Zee: Baba to filtar UV fa, na ga ana rubuta haze a jikin wasu

Baba Ɗanlami: Wannan ta zamanin fim ce 'yata, fim yana jin hasken UV, musamman a kan tsauni ko bakin teku. Kyamarar yanzu akwai gilashi a gaban sensa da ke tare mafi yawansa, don haka ba za ta cire miki hazo ba, kariya ce kawai ga lens, in ma mara kyau ce ƙara dushewa za ta yi in kin fuskanci haske.

Sadik: Ga waɗanda basa amfani da kayan Adobe, darktable da RawTherapee duk suna da cire hazo kuma suna buɗe RAW. Na darktable silaida biyu ne, ƙarfi da nisa, ta nisan tana baka dama ka ce a cire na kusa da na tsakiya a bar na can baya, wanda shine daidai abin da Baba ke faɗa. DxO suna da ClearView, Capture One ma sun saka nasu Dehaze. A GIMP ko Photoshop kuma akwai tsohuwar dabara, Unsharp Mask amma a juye, maimakon ƙaramin radiyos ka saka babba kamar 50 ko sama, ƙarfin kuma ƙasa kamar kashi 20, threshold 0. Ba kaifi zai ƙara ba, kwantiras na yanki-yanki zai ƙara, hoto ya washe. Ka yi shi a kan kwafin leya don ka iya rage shi ko ka goge inda baka so. Radiyos ɗin ya danganta da girman hoton, sai ka gwada.

Mubarak: Yauwa Sadik, wannan ita ce hanyar da nake nufi. Ƙari ɗaya, duk wanda ya yi lanƙwasar S a Photoshop ya ga kala ta yi kauri, ya canza yanayin leyar daga Normal zuwa Luminosity, haske da duhu za su canza kala ta tsaya inda take. Ciyawar Nazifi da ta yi kore fiye da kima irin wannan ce.

Nazifi: To maganar kala, bayan na rage Dehaze ɗin har yanzu inuwar duwatsun nesa shuɗi ce sosai, na ja Temp, silaidar ɗumi da sanyin kala, zuwa ɗumi sai ciyawar gaba ta koma ruwan ɗorawa. ya zan yi

Malam Habu: Dalili ɗaya ne da na ɗazu, shuɗin ma da nisa yake tafiya. Ƙwayoyin iska sun fi warwatsa haske mai gajeren zango, shuɗi wajen nanomita 450 yake ja wajen 700, shuɗin na warwatsuwa fiye da ja ninki biyar da wani abu, shi yasa sama take shuɗiya kuma shi yasa dutsen nesa ke yin shuɗi. In kuwa ƙwayoyin manya ne irin ɗigon tururi, duk kaloli suke warwatsawa kusan daidai sai hazon ya yi fari, ƙura kuma takan ja shi zuwa ruwan ƙasa. Da ka cire farin da ya rufe dutsen sai kalar da ke ƙarƙashinsa ta ƙara bayyana. Don haka kar ka taɓa Temp na hoto duka, ka shiga maskin ɗin duwatsun ka ɗumama can kaɗai, ko ka rage kaurin shuɗi a wurin. Kuma kar ka kashe shi gaba ɗaya, dutsen nesa da ba shuɗi ko kaɗan ido baya yarda da shi.

Oga Bash: Bari in faɗa maka yadda zan yi da hotonka in nawa ne. Blacks da Whites ka riga ka yi. Dehaze na hoto duka 10 ko 15 ko ma 0. Sai Linear Gradient, maskin ɗin da ƙarfinsa ke raguwa a hankali, daga saman hoto ya sauko ya ƙare a inda ciyawa ta fara, ka cire sama daga cikinsa da Subtract ka zaɓi Sky, tun 2021 Lightroom ke iya zaɓar sama da kansa. Abin da ya rage duwatsu ne, a nan ka sa Dehaze 25 zuwa 35, zai duhunta su sai ka ɗan ɗaga Exposure ko Shadows a cikin maskin ɗin, ɗumi kaɗan, rage noyis kaɗan. Sama ka mata nata daban, sau da yawa rage Highlights kawai take so. Ciyawa kuma Texture kaɗan ya isheta. Lambobin nan ba doka bane hotonka ne zai faɗa maka. In ka gama tashi ka bar sikirin na minti goma ka dawo, ido na sabawa da abin da ya wuce kima yana ganin daidai ne, kuma ka riƙa danna madannin \ kana ganin kafin da bayan.

Anti Rabi: Ni roƙona ɗaya ga masu ɗaukar mutane, dan Allah ku raba fuska da Dehaze da Clarity. Ina ganin hotuna ana turowa nan, an ɗauki mutum rana na bayansa hoto ya dushe, sai a ja Dehaze a kan komai, fata ta yi dabbare-dabbare, ƙasan ido ya yi baƙi, duk wani ƙurji da layin fuska ya fito, mai duhun fata ya ƙara duhu mai haske ya koma ja. Mutum ya baka amanar fuskarsa bai kamata ka mayar masa da ita haka ba. Ka zaɓi bayan ka gyara shi daban, fuskar kuma Blacks kaɗan da Curves mai laushi. Wani lokacin ma baya nake jan Dehaze ɗin, kamar -5 ko -10 a bayan mutum, ya ƙara laushi mutumin ya fito.

Mubarak: Anti a nan kam ba musu. Amma Oga Bash zaɓen sama na otomatik ɗin nan yana barin zare a gefen bishiya, sai an bi da burushi

Oga Bash: Yana bari in bambancin gyaran sama da na dutse ya yi nisa, in ka duhunta ɗaya sosai ka haskaka ɗaya dole mahaɗar ta nuna. Ka zuma 100% ka bi layin da ido, in ka ga zare ka rage ƙarfin maskin ɗin kafin ka ɗauko burushi.

Nazifi: Na bi matakan, Dehaze 12 a duka, 30 a duwatsu, sama ban sa mata ba, na cire ɗigon ƙura, zaren ya tafi. Dutsen ƙarshe na bar shi yadda Baba ya ce. Saura abu biyu, bishiyoyin kan dutsen nesa in na zuma gefensu a karkace yake kamar suna rawa, Sharpening bai gyara ba. Sannan da na tura wa abokina ta WhatsApp sama ta yi layi-layi alhali a laftof lafiya take.

Malam Habu: Na farkon ba hazo bane, zafi ne. Iska mai zafi na tashi daga ƙasa tana gauraya da mai sanyi, haske na lanƙwashewa a hanya, lens mai dogon zuma kuma yana ƙara nuna shi. Wannan editin baya gyara shi, sai dai ka koma da sassafe kafin ƙasa ta ɗau zafi.

Sadik: Na biyun kuma matsewar WhatsApp ce, yana rage girman hoto ya ƙara matse shi, sama mai sauka sumul ita ke fara nunawa. Ka fitar da shi JPEG a sRGB da inganci sama, ka tura a matsayin Document ko aƙalla ka danna HD. In har yanzu akwai layin ka ƙara Grain kaɗan kamar 10 kafin ka fitar, tsakin yana karya layukan. Kuma ka duba hasken sikirin ɗin laftof ɗinka, in a ƙure yake kana editin hoton zai fita da duhu a wayoyin mutane.

Baba Ɗanlami: Nazifi in ka koma da sassafen ka ɗauki biyu, ɗaya da folaraiza ɗaya babu, ka turo mana RAW ɗin duka kafin ka taɓa su, ina so Mubarak ya yi nasa da Curves, Bash ya yi nasa da Dehaze, mu ajiye su gefe da gefe.

Mubarak: Na yarda Baba. Nazifi ka haɗa da wannan na hantsin ma, shi ya fi wuya, a kansa nake so mu gwada.